Daren da Ya Rabu Uku: Tarihin Shirya Yara a Cocin Katolika

A koyarwar cocin Katolika, mutum bai gama shiga addini ba sai ya taka mataki uku: baftisma, tabbatarwa, da karɓar Jibin Ubangiji. Yaron da aka haifa yau a gidan 'yan Katolika yakan sami baftisma yana goye, ya fara karɓar Jibi yana ɗan firamare, tabbatarwa kuwa sai ranar da bishop ya kawo ziyara, wataƙila yaron ya riga ya shiga sakandare. A tsakanin waɗannan ranaku akwai ajin katikisim na yammacin Asabar ko bayan Mas ɗin Lahadi, da rajista, da katin baftisma, da jarrabawar baka a gaban fada. Iyaye da yawa sun ɗauka haka abin yake tun fil azal. Alhali babu wani taro da ya taɓa zama ya tsara wannan jeri daga farko zuwa ƙarshe. Abu ne da ake yi a dare ɗaya, nisan hanya da tsoro da gardamar malamai suka yi ta jan sa har ya kai shekara goma sha wani abu.

Akwai wani tsohon littafin tsarin ibada da aka daɗe ana danganta shi da Hifolitus na Roma, wanda ake kai asalinsa ƙarni na 3. A cikinsa, mai son shiga addini sai wani ya kawo shi ya tsaya masa, a bincika sana'arsa, in mai sassaƙa gumaka ne ko ɗan wasan kisa a dandali a ce ya bari ko ya koma. Daga nan ya yi shekara uku yana sauraron koyarwa. Daren baftisma a kwana ana addu'a, da carar zakara a nufi ruwa. Abin lura shi ne da wa ake farawa: da ƙananan yara. Wanda ya iya magana ya amsa da bakinsa, wanda bai iya ba iyayensa ko wani ɗan uwa ya amsa masa. Suna fitowa daga ruwa a shafa musu mai, su sa tufafi, bishop ya ɗora musu hannu ya yi musu alama a goshi, nan take kuma a ba su Jibi, har da ƙoƙon madara da zuma. Manya su ake wahalarwa da dogon shiri. Yara kuwa albarkacin gidansu suke ci.

Gardama kan yaran ta fara ne a Afirka ta Arewa, a birnin Kartej, kusa da Tunis ta yau. Wajen shekara ta 200 wani malamin coci, Tertuliyan, ya ba da shawara a jinkirta wa yara baftisma har sai sun san Almasihun da za su bi. Bayan kamar shekara 50, Sifiriyan, bishop ɗin birnin, da sauran bishop-bishop suka amsa wa wani mai suna Fidus cewa ba sai an jira ko da kwana takwas ba. Shi Sifiriyan ɗin ya ba da labarin wata jaririya da aka shayar daga ƙoƙon Jibi, ba tare da ya nuna cewa ba wa jarirai baƙon abu ba ne. Duk da haka, a ƙarni na 4 gidaje da dama sun koma jinkiri saboda tsoron zunubin ƙuruciya. Agustin, haifaffen Tagaste a Aljeriya ta yau, an ɗanɗana masa gishiri an yi masa alamar gicciye yana ƙarami, amma bai shiga ruwa ba sai a daren Ista na shekara ta 387 a Milan, a hannun Ambrose, yana da shekara 32, tare da ɗansa Adeyodatus. Da ya zama bishop ɗin Hifo, shi ne kuma ya fi kowa kafa hujja cewa jariri yana bukatar baftisma saboda zunubin asali. Hujjar tasa ta yi rinjaye, ga mutuwar jarirai ta yi yawa a zamanin, sai iyaye suka daina yarda su jira Ista.

Nan ne igiyar ta fara tsinkewa. A shekara ta 416 Paparoma Inosan na I ya rubuta wa bishop ɗin Gubbiyo cewa fada yana iya yin baftisma, amma shafa mai a goshi na bishop ne shi kaɗai. A Italiya, inda kusan kowane gari da bishop ɗinsa, wannan bai zama matsala ba. Amma da addinin ya bazu a ƙasashen Faransa da Jamus da Ingila, sai aka sami dayosis da bishop zai yi kwanaki a kan doki bai kai bakin iyakarsa ba. Fada ya yi wa jariri baftisma a ƙauye, shafan bishop kuma sai Allah ya kawo shi, in ma ya zo. Mutane da yawa sun tsufa sun mutu ba a tabbatar da su ba. Coci-cocin Gabas sun bi wata hanya: bishop ya tsarkake man, fada ya shafa, don haka har gobe Girkawa da Kibɗawan Masar da Habashawa, da su kansu 'yan Katolikan Gabas da dama, suna ba jariri ukun a zama ɗaya. Yamma ta riƙe hannun bishop, ta saki haɗin.

Jibin jarirai ya ɗan ƙara jimawa. Da yake jariri ba ya iya haɗiye gurasa, ɗigon ruwan inabi ake sa masa a baki. A ƙarni na 12 da na 13 girmama Jibin ya ƙaru ƙwarai, tsoron zubewarsa ya sa aka daina miƙa wa jama'a ƙoƙon, da ƙoƙon ya tafi sai rabon jarirai ya tafi da shi. Sannan a 1215 babban taron Lateran na huɗu ya yanke cewa duk Kirista, namiji ko mace, da ya kai shekarun rarrabewa, wajibi ne ya furta zunubansa aƙalla sau ɗaya a shekara, ya kuma karɓi Jibi lokacin Ista. Taron bai faɗi adadin shekarun ba. Wannan gurbi da ya bari shi malamai suka yi shekara kusan 700 suna cikewa, kowa da nasa lissafi: wani ya ce 7, wani 10, wani 12, wani 14. A Ingila, Akbishop John Peckham ya ga iyaye sun yi watsi da tabbatarwa, sai a 1281 ya sa doka a Lambeth cewa ba a ba wa wanda ba a tabbatar ba Jibi, sai in yana bakin mutuwa ko yana da uzuri. Ko ba komai wannan ya nuna cewa har lokacin an san jerin: ruwa, mai, sannan gurasa.

Da aka ɗaura karɓar Jibi a kan hankali, dole tambaya ta biyo baya: me yaro zai sani, wa kuma zai koya masa? Ƙarnoni da dama amsar ba ta wuce gida ba. Uwa da uban baftisma su ne aka ɗora wa koya wa yaro Addu'ar Ubangiji da Shaidar Bangaskiya da gaisuwar Maryamu. Ajin katikisim irin wanda muka sani ɗan ƙarni na 16 ne, kuma gasa ce ta haife shi. Martin Luther ya zaga ƙauyukan Saksoni ya ga jahilcin jama'a da na limamansu, ya fitar da ƙaramin katikisim na tambaya da amsa a 1529. Injin buga littafi ya yaɗa shi. 'Yan Katolika suka mayar da martani da irin makaminsa: Peter Kanisiyus a Jamus daga 1555, Robert Belarmin a Italiya a ƙarshen ƙarnin. A Milan wani fada, Kastelino da Kastelo, ya fara tara yaran titi ran Lahadi a 1536, maza da mata marasa muƙamin coci suna koyar da su, Akbishop Charles Boromeyo kuma ya baza tsarin a dayosis ɗinsa. Taron Trent, wanda ya gudana daga 1545 zuwa 1563, ya umarci limamai su koyar da yara duk Lahadi da ranakun idi, ya kuma ce ba dole ba ne ƙananan yara su karɓi Jibi. Katikisim ɗin Roma na 1566 ya ce ya fi dacewa a bar tabbatarwa ma sai yaro ya kai shekara 7.

Faransawa ne suka mayar da karɓar Jibi na farko biki. Daga ƙarni na 17 aka fara tara yara sa'o'in juna a shirya su tare, su yi kwanakin keɓewa, ranar kuma su fito a jere da kyandir, 'yan mata cikin fararen kaya da lulluɓi. Fararen kayan nan da ake ɗinka wa yara yau a Kaduna da Jos can suka samo asali. Bikin yana da kyau, amma yana da farashi. Ya zama ranar kammala katikisim, don haka sai an kammala ake kai wa gare shi, limamai kuma suka gane cewa muddin suna riƙe da wannan rana, suna riƙe da yaran a aji. Ga aƙidar Janseniyawa da ta cika zukata da tsoron cewa ɗan Adam bai cancanci kusantar bagade ba sai da dogon tsarki. Shekarun suka yi ta hawa zuwa 11, 12, har 14.

Labarin 'yan mata biyu ya ishe mu ganin yadda abin yake a ƙasa. Bernadette ta garin Lurd 'yar matalauta ce, ba ta iya karatu ba, yaren tsaunukan yankinsu take ji, katikisim kuwa da Faransanci ake yi. An aika ta kiwon tumaki a wani ƙauye, matar da take hannunta ta yi ƙoƙarin cusa mata amsoshin ta gaji. A Janairun 1858 ta dawo Lurd musamman don ta shiga aji, sai ran 3 ga Yuni ta karɓi Jibi, tana da shekara 14, bayan duk Faransa ta fara jin labarin wahayin da ta ce tana gani a bakin kogo. Ita kuwa Tereza ta Lisiyo 'yar masu hali ce, mai kaifin ƙwaƙwalwa, ta iya katikisim ɗinta sarai, amma da yake an haife ta ran 2 ga Janairun 1873, ƙa'idar shekaru ta wuce ta da 'yan kwanaki, ta jira shekara guda. Ta karɓi Jibi ran 8 ga Mayun 1884, aka tabbatar da ita ran 14 ga Yuni. Ɗaya harshe ya tare ta, ɗaya kalanda. Dukansu biyu cocin ta ayyana su tsarkaka daga baya. A lura kuma, a wajen Tereza Jibi ya riga tabbatarwa, wato jerin ya fara juyewa a Faransa, abin da Paparoma Liyo na XIII bai ji daɗinsa ba, domin a 1897 ya rubuta yana yaba wa bishop ɗin Marseille da ya maido da tsohon jerin.

Wanda ya fasa wannan katanga Paparoma Piyus na X ne, mutumin da ya yi shekaru yana fada a ƙauyukan arewacin Italiya kafin ya hau, ya kuma san ajin katikisim daga ciki. A 1905 ya umarci a kafa ƙungiyar koyar da katikisim a kowace ikilisiya, ya kuma ƙarfafa karɓar Jibi akai-akai, ko da kullum ne. Ran 8 ga Agustan 1910 aka fitar da dokar da ake kira Quam singulari. Ta ce shekarun rarrabewa su ne lokacin da yaro ya fara tunani, wajen shekara 7, ko sama kaɗan ko ƙasa kaɗan. Ta ce ba a bukatar ya san koyarwar addini dukanta. Ya isa ya fahimci manyan ginshiƙan bangaskiya gwargwadon hankalinsa, ya kuma bambanta gurasar Jibi da gurasar gida. Sauran ya koya a hankali daga baya. Ta ɗora alhakin a kan iyaye da malamai da limamai, ta kuma yi tir da hana yara furta zunubi ko barin su su mutu ba a kai musu Jibi ba. (Mai karatu Musulmi zai tuna cewa shekara bakwai ɗin nan ce ake fara umartar yaro da salla.) Limaman Faransa da yawa sun ta da jijiyar wuya, suna cewa in an ba yaro yana ɗan 7, wa zai sake ganin sa a aji? Sai suka yi dabara: a karɓa a natse a 7, a yi babban bikin a 12.

A ganina dokar 1910 ta yi gaskiya, kuma ita ce mafi tausayi a duk wannan tarihi. Sai dai ba ta ce uffan ba a kan tabbatarwa. Jibi ya sauko 7, tabbatarwa ta tsaya inda take, sai jerin da Faransa ta juya ya zama na kusan duk duniya. Da tabbatarwa ta koma ƙarshe, dole aka nemo mata sabon bayani: ranar da matashi zai amsa da bakinsa abin da aka amsa masa yana jariri. Bayanin yana da daɗin ji, amma ba shi ne ma'anarta ta asali ba, kuma tsohuwar dabarar riƙe yara a aji da alkawarin wata rana ta dawo ta sabuwar hanya. Limamai a Turai da Amurka sun daɗe suna kukan cewa ranar tabbatarwa ce ranar da suke yi wa matasa da yawa ganin ƙarshe.

A Afirka labarin ya ɗauki wani salo, domin masu mishan sun tarar da abin da Turai ta manta: manya da matasa masu neman baftisma. Kadinal Lavijeri, wanda ya kafa ƙungiyar limaman da ake kira Fararen Fada, ya umarci mutanensa tun 1878 su farfaɗo da tsohon shirin, shekara huɗu kafin a kai mutum ruwa. A Buganda, da Sarki Mwanga ya juya wa Kiristocin fadarsa baya a Mayun 1886, Charles Lwanga, wanda ba limami ba ne, shi ya yi wa wasu yaran fadar sarkin baftisma cikin dare, ciki har da Kizito, ɗan shekara 14 ko ƙasa. Ran 3 ga Yuni aka ƙone su a Namugongo.

A Najeriya, limaman ƙungiyar mishan ta SMA sun sauka Lokoja a 1884, suka kafa tasha a Shendam a 1907. Gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi, saboda haka cocin ta yi ƙarfi ne a Sabon Garin birane, wajen ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwa daga kudu, da kuma tsakanin al'ummun Filato, kudancin Zariya da Adamawa. A 1934 aka raba yankin mishan na Arewa gida biyu, Jos da Kaduna. Fada ɗaya yana iya samun ƙauyuka da yawa a ƙarƙashinsa, yana zagaya su da ƙafa ko keke, daga baya babur. Wanda ke zaune da jama'a shi ne katikis, sau da yawa shi ne kuma malamin makaranta. Shi ke buga ƙarfe da yamma, ya ja tambaya yara su amsa baki ɗaya kamar ɗaliban makarantar allo, shi ke rubuta sunaye, shi ke gaya wa fada wane ya isa wane bai isa ba. In fada ya zo sai ya zauna ya yi wa kowa tambayoyi, wanda ya faɗi ya jira zagaye na gaba. Kuma da yake Hausa ce harshen da ya haɗa ƙabilun, da ita aka koyar a wurare da yawa, har yaron da Goemai ko Berom ko Bajju ne harshen uwarsa ya haddace amsoshin da Hausa. Matsalar Bernadette ke nan a wata ƙasa, ko da yake Hausar kasuwa ta fi kusa da waɗannan yara fiye da yadda Faransancin littafi ya kusanci 'yar kiwon. Muhimmancin katikis ne ya sa aka kafa cibiyoyin horar da su, irin ta Malumfashi, wadda ta yi wa yankunan Maguzawa hidima. Da gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantun mishan a shekarun 1970, shirin yaran ya tashi daga ajin boko ya koma harabar coci kacokan.

Kafin nan an sauƙaƙa wani abu da ya daɗe yana wahalar da yara. Da, mai karɓar Jibi ba ya cin komai ba ya shan ko ruwa tun tsakar dare, ɗan shekara 7 kuma ga tafiyar ƙafa zuwa coci. Piyus na XII ya halatta ruwa a 1953, ya rage azumin zuwa awa uku a 1957, Paul na VI ya mayar da shi awa ɗaya a 1964.

Taron Vatican na biyu, a takardarsa ta ibada ta 1963, ya umarci a maido da shirin manya mai matakai, a kuma gyara tabbatarwa yadda dangantakarta da baftisma za ta fito fili. Aikin masu mishan a Afirka yana cikin abin da ya ba da ƙarfin gwiwa. Sabon tsarin baftismar jarirai ya fito a 1969, inda a karon farko aka fuskanci iyaye kai tsaye da tambayoyi maimakon a yi kamar jaririn ne ke amsawa. Na tabbatarwa ya biyo a 1971, na manya a 1972, da babi na musamman kan yaran da suka isa koyo amma ba a yi musu baftisma ba. Wasu dayosis a Turai da Amurka sun gwada ba da Jibi kafin furta zunubi na farko, Roma ta tsayar da gwajin a 1973. Kundin dokokin coci na 1983 ya tattara abin da ake bi yau: a kai jariri baftisma cikin makonnin farko, in akwai kyakkyawan zaton za a rene shi cikin addinin; uba ko uwar baftisma ya kai shekara 16 kuma an tabbatar da shi; iyaye ne na farko da alhakin shirya yaro, fada kuma ya sa ido; tabbatarwa wajen shekarun rarrabewa, sai in taron bishop-bishop na ƙasa ya tsayar da wata shekara. Wannan togaciya ta ƙarshe ita ta bar kowace ƙasa da nata. A Amurka an ce daga shekarun rarrabewa zuwa wajen 16. Wasu dayosis, irin su Fargo da Denver a Amurka, sun koma tabbatar da yara kafin Jibin farko, Paparoma Benedict na XVI kuma a 2007 ya nemi a sake duba jerin. A 2021 Paparoma Francis ya mayar da aikin katikis muƙami na hukuma a cocin, bayan ƙarnoni mutanen nan suna ɗauke da aikin.

Kundin na 1983 ya bar wani abu da duk katikis mai lura zai ci karo da shi. A dokar, wanda ya cika shekara 7 ya fita daga sahun jarirai, don haka in ba a yi masa baftisma ba, tsarin manya ne ya hau kansa: fadan da ya yi masa baftisma shi zai tabbatar da shi nan take, ya kuma ba shi Jibi, galibi a daren Ista. Saboda haka ana iya samun yara biyu 'yan shekara 9 a benci ɗaya. Wanda iyayensa suka makara ya sami ukun a dare ɗaya bisa tsohon jeri. Wanda aka kai coci yana ɗan wata guda kuwa ya karɓi Jibi bana, ya jira bishop wasu shekaru. A ikilisiyoyi da dama limamai ba sa son wannan bambanci, sai su yi wa na farkon baftisma kawai su haɗa shi da sa'o'insa a layin jira, ko da yake ba haka doka ta ce ba.